Taƙaitawar shawarwari kan shafukan da makafi za su iya amfani da su

Ga abin da ya fito daga tattaunawarmu ta masu gina shafukan intanet a Nima, Accra.

1. Kusan kowa ya yarda cewa maɓallin HTML (harshen gina shafukan intanet) na asali ya fi aminci a kan wanda aka ƙera aka yi masa kwaskwarima da ARIA (alamomin da ake ƙara wa shafi don manhajojin da ke karanta wa makafi allo su gane shi), domin abin da manhajar karanta allo ta NVDA ta karanta daidai a burauzar Firefox yana iya rikicewa a takwararta VoiceOver da burauzar Safari.
2. A fara gwaji da TalkBack, manhajar karanta allo ta Android, tunda wayar Android ce ta fi yawa a hannun jama'armu.
3. An rabu kan ƙa'idojin WCAG 2.2 na 2023, wato ƙa'idojin sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da shafukan intanet. Wasu na ganin cika su ya wadatar, wasu kuwa, har da ni, sun dage sai makaho ya gwada shafin da kansa.