Kajina sun daina ƙwai, ina neman shawarar masu kiwo

Mai Kaji Takwas: Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kiwo. Ina da kaji takwas a bayan ɗaki, shida sun kusa shekara biyu, sauran biyun kuwa ba su fi wata uku da fara ƙwai ba. A da ina kwashe ƙwai biyar ko shida kullum, amma yau mako uku ke nan da kyar nake samun ɗaya, alhali suna ci suna sha, babu wadda ta kwanta ciwo. Maƙwabciyata ta ce rashin zakara ne, tunda na rabu da nawa kwanakin baya. Wane magani za ku ba ni shawarar in saya?

Baba Mai Akurki: Wa alaikumus salam, 'yata. Batun zakara ki ajiye shi gefe, domin kaza tana ƙwai ko da zakara ko babu, aikinsa kawai shi ne ƙwan ya zama mai ƙyanƙyasuwa. Batun magani ma ki dakata tukuna. Da dare, idan sun natsu, ki ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ki duba. Mai yin ƙwai za ki ga zankonta ja wur, kuma yatsu biyu ko uku za su shiga tsakanin ƙasusuwan nan biyu da ke gefen duburarta. Wadda ta tsaya kuwa zankonta yakan ƙanƙance ya koɗe, da kyar yatsa ɗaya zai shiga. Sannan ki kulle su a akurki har la'asar kwana uku a jere, domin kazar da ake saki takan sami wani lungu ta riƙa zubawa a can, mai ita yana zaton ta daina.

Hajiya Mai Ƙwai: Ina bayan Baba. Tambayata ita ce me kike ba su, 'yar'uwa? Kaza tana ɗaukar sa'a 24 zuwa 26 kafin ta haɗa ƙwai ɗaya, kuma kusan sa'a 20 daga ciki a kan ɓawon suke tafiya. Ɓawo ɗaya yana ɗauke da kimanin giram 2 na kalsiyam, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da ɓawo, shi ya sa mai yin ƙwai take bukatar wajen giram 4 a rana, tare da abincin da furotin ɗinsa, wato sinadarin gina jiki, ya kai kashi 16 zuwa 18 cikin 100. Idan ba ta samu ba, daga ƙashinta za ta ciro, ɓawo ya fara laushi, daga nan ta tsaya.

Mai Kaji Takwas: Gaskiya, Hajiya, da abincin kajin ƙwai ya ƙare mini sai na koma ba su tsaba da dusa da ragowar abincin gida, kusan wata guda ke nan. Na kuma lura gashi ya cika akurkin, wasu wuyansu duk ya kwaile.

Hajiya Mai Ƙwai: To, ga babban dalili nan. Tsaba tana cika ciki, amma furotin da kalsiyam ɗinta ba su isa su haɗa ƙwai kullum ba. Ki koma wa haɗaɗɗen abincin, ki bar tsaba da ragowa su zama ɗan ƙari da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, sannan ki ajiye dakakken ɓawon kawa a kwano dabam, kowacce ta ci gwargwadon bukatarta. Ɓawon ƙwansu ma yana yi, muddin kin busar da shi kin daka sosai, don kada su gane shi su koyi fasa ƙwai, halin da yake da wuyar rabuwa.

Malam Mai Lura: Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai gashin nan da aka ambata ya fi jan hankalina. Kazar da ta haura shekara ɗaya da rabi takan zubar da gashi sau ɗaya a shekara, kuma tunda gashi kusan duk furotin ne, jikinta ba ya iya haɗa sabon gashi da ƙwai a lokaci guda. Abin yakan ɗauki mako 8 zuwa 12, kuma canjin abinci kwatsam yana iya tayar da shi. Akwai kuma batun haske: kaza tana son sa'a 14 zuwa 16 na haske kafin ta dage da ƙwai, don haka inda yini ke gajarta sosai, ko akurki mai duhu, ana kunna ƙaramar fitila da asuba a cika musu lokacin.

Baba Mai Akurki: Malam, fitila tana aiki, ban musa ba, amma ni ba na kunna wa kazar da ke zubar gashi. Hutun nan jikinta ne ya nema, kuma na sha ganin wadda aka bari ta gama ta dawo da ƙwai manya masu ƙarfin ɓawo. Kada kuma a manta da shekaru. Shekarar farko ce ganiyar kaza, bayanta adadi yana raguwa sannu a hankali, don haka manyan nan shida ko sun dawo ba lallai su kai yadda suka saba ba.

Yaya Mai Tsaki: Ba a taɓo ruwa ba, alhali kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwai ruwa ne. Yini ɗaya kaji suka yi da ƙishirwa, ana iya kwanaki kafin ƙwai ya daidaita, musamman a lokacin zafi, da za ki gan su suna haki, fuka-fukai a buɗe, sun rage ci. Ki sa mazubin ruwa a inuwa, ki canja sau biyu a rana. Sannan ki shiga akurkin da tocila cikin dare ki haska tsagun katako da sandar da suke kwana a kai, domin akwai jajayen ƙuma da ke ɓuya da rana su fito shan jini da dare. Idan kuwa kin ga tari, ko majina, ko koren kashi, ko murɗewar wuya, wannan ya wuce shawarar zaure, ki ware mai ciwon ki nemi likitan dabbobi nan take, kuma duk maganin da ya bayar ki tambaye shi kwana nawa za a yi kafin a ci ƙwan.

Mai Kaji Takwas: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na bi shawarar Baba na kulle su, sai ga ƙananan biyun sun yi ƙwai a akurki, daga baya kuma na tarar da ƙwai goma sha ɗaya a bayan wasu tsofaffin katakai. Manya huɗu sabon gashi ya fara tsiro musu, ɗaya kuwa kwanci take yi a kan wofi, tana kumbura idan na kusance ta. Ƙuma ban gani ba. Na sayo abincin na ajiye ɓawon kawa, fitila kuwa ba zan kunna ba sai sun gama zubar gashi. Baba, yaya zan yi da mai kwancin?

Baba Mai Akurki: Idan kina son 'yan tsaki, ki samo ƙwai daga gidan da ke da zakara ki sa mata, kwana 21 za ta ƙyanƙyashe. Idan ba kya so, ki ɗauke ta daga wurin ki sa ta a keji mai haske, wanda iska ke shiga ta ƙarƙashinsa, da ruwa da abinci, kwana uku zuwa biyar. Kada ki bar ta haka nan, domin mai kwanci ba ta cin kirki, ramewa kawai za ta yi.