Manhajar tura alat daga wayar Baba zuwa shago ta fara ci masa kati

ɗanSamaru:
Assalamu alaikum. Ina aji uku a fannin kwamfuta a jami'ar ABU Zariya, hutun nan na ce bari in yi abin da zai amfani gida. Mahaifinmu yana sayar da masara da dawa a kasuwar Sabon Gari, kuma alat ɗin banki a wayarsa yake shiga. Da zarar ya tafi azahar ko ya wuce Giwa saro kaya, sai ka ga ƙanina tsaye da mai saye, buhu a kan baro, ana ta buga wa Baba ya duba ko tiransifa ta shigo.

Sai na haɗa 'yar manhajar Android da yaren kodin na Kotlin, duk saƙon da ya fito daga banki ta kama ta tura wa ƙanina ta tes. A ɗakina lafiya lau take aiki. A shago kuwa, in wayar ta daɗe a aljihu sai ta yi gum. Idan ma ta tura, rabin saƙo ke zuwa. Ga katin Baba yana ta zurarewa, jiya har ya ce ko aljani na sa masa a waya. Masana, a taimaka.

Mai gyara na PZ:
Wa alaikumus salam. Gum ɗin nan na san shi. Wayoyin da ake kawo mana suna kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don batir ya kai yamma. Shiga saiti ka cire ta daga tsimin batir, ka ba ta izinin tashi da kanta. Sannan ka lura da Baba, dattawa na son danna maɓallin shara ɗin nan. In aka tsayar da manhaja da ƙarfi, ba za ta sake jin shigowar saƙo ba sai an buɗe ta da hannu.

Malam Kongo:
Ƙanina, tambaya ɗaya. Ka ƙara wani abu da Hausa a saman saƙon kafin ka tura? Irin su “An shigo da kuɗi”?

In haka ne, ɓarawon katin Baba shi ne ɗ ɗin nan. Tes guda yana ɗaukar harafi 160 ne matuƙar duk haruffan na cikin jerin GSM, wato jerin haruffan da tsarin tes na asali ya sani. Ƙ da ɗ da ɓ ba sa ciki, alamar naira ₦ ma ba ta ciki. Ɗaya tak ta shiga, saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsari mai ɗaukar 70 kacal. Idan ya wuce haka aka yanka shi gida-gida, kowane yanki 67 ne, maimakon 153 na tsarin GSM. Ka ga alat mai harafi 150 da zai tafi a tes ɗaya ya zama uku, kuma kowanne sai an cire kuɗinsa. Ni da kaina ina faɗa a kan a riƙa rubuta haruffanmu daidai, amma a nan rubuta “kudi” da N ka huta.

Rabin saƙo kuma, dogon alat a yanke yake isowa. getMessagesFromIntent, umarnin kodin da ke ciro saƙon da ya shigo, jerin yankunan take ba ka, ina kyautata zaton na farko kawai kake ɗauka. Haɗe su duka tukuna. Wajen turawa ka bi ta divideMessage da sendMultipartTextMessage, masu yanka dogon saƙo su tura shi gaba ɗaya. In layi biyu ne a wayar, ka fayyace wanda zai riƙa turawa.

'YarTudunWada:
Ni ban iya kodin ba, amma shekara biyu na yi a kan POS. Yayana, ka ce duk saƙon banki take turawa? To har da lambar OTP kenan, da ragowar kuɗin da ke asusun Alhaji. Wayar shago kuwa kowa na ɗauka, almajiri ya roƙa ya kira gida, maƙwabci ya ara ya haska fitila.

Abin da ya fi tsorata ni ma alat ɗin bogi ne. Masu yin sa kan turo tes da sunan banki. Manhajarka za ta karɓa ta miƙa, ƙaninka ya gan shi daga lambar mahaifinsa, ya saki buhu goma hankali kwance. In kaya masu yawa ne, sai an duba a manhajar bankin kanta.

Malam Kongo:
Gaskiyarta. Ciro adadin kuɗi da sunan mai turowa da lokaci kawai, sauran ya tsaya a wayar Baba. Kuma kar ka sa rai da Play Store, tun 2019 Google ta taƙaita izinin karanta tes, galibi sai manhajar da ita ce ta saƙonnin wayar. Taka ta gida ce, sa ta da hannu.

ɗanSamaru:
Malam, wallahi “Kuɗi sun shigo” na rubuta a sama, har ina alfahari na sa ɗ. Na cire, yanzu tes ɗaya ke tafiya. Anti, na gode, na toshe OTP. Da na yi wa Baba bayanin ragowar kuɗin sai ya yi shiru, can ya ce, “Wato sati biyu yaron nan yana ganin abin da ke asusuna?” Ƙanin nawa dai ya tashi ya ce zai je ɗebo ruwa.