Kwana huɗu a arewacin Mishigan, wace hanya za a bi?

Baban Hanif: Assalamu alaikum. Muna da kwana huɗu a watan Yuli, za mu tashi daga Ditroit, a jihar Mishigan ta Amurka, da mota, da yara biyu da mahaifiyarmu. Waɗanda suka san arewacin Mishigan, a taimaka mana da shawara.

Malam Na-Zariya: Wa alaikumus salam. Fara da guzuri a Dearborn, kusa da Ditroit: nama, burodi, dabino, a zuba ƙanƙara a kula. Da ka wuce Saginaw, shagon halal sai an tona. Daga Ditroit titin I-75 ne ɗoɗar har Mackinaw City, awa huɗu da ɗoriya. Sunan da ake rubutawa Mackinac, "Makino" ake furta shi.

Hajiya Uwargida: Baban Hanif, ka ba tsibirin Mackinac yini guda cur. Tun 1898 aka hana mota a cikinsa, sai keke da keken doki. Jirgin ruwa daga Mackinaw City ko St. Ignace kusan minti 20 ne. Ku shiga na sassafe, domin da hantsi bakin tasha cika yake yi. Titin da ya kewaye tsibirin kilomita 13 ne, shimfiɗaɗɗe, yara za su iya da keke. Amma hanyoyin ciki hawa ne mai tsauri, kada a sa Mama takawa, a ɗaukar mata keken doki. Kwana kuwa a St. Ignace za ku yi, otal ɗin tsibirin akwai tsada.

Injiniya: Ƙari kan na Hajiya, gadar Mackinac da aka buɗe a 1957, wadda ake bi daga Mackinaw City a ƙetara zuwa St. Ignace, tsawonta kilomita 8. Layukan tsakiya ragar ƙarfe ce, mota takan yi gurnani tana ɗan lilo, wanda bai saba ba sai ya taka birki a firgice. Bi layin gefe mai kwalta, ka riƙe gudu ɗaya.

Ɗan Autan Zaure: Yaya, kada ku bar Sleeping Bear Dunes, tudun rairayin da ke bakin tafkin Mishigan.

Malam Na-Zariya: Auta, kwana huɗu ba zai ɗauki wannan da ƙetaren gada gaba ɗaya ba, sai a ƙare a cikin mota. Ni ƙetaren na zaɓa masa. Idan kuma ya nace, to a tsaya a sama a yi kallo. Gangaren wajen mita 137 ne, saukarsa 'yan mintoci, hawansa yakan ci awa biyu saboda rairayi na zamewa a ƙarƙashin ƙafa, ga rana. A nan ake ceto mutane duk bazara.

Hajiya Uwargida: Haka ne Malam. Rana ta uku su nufi Munising, awa biyu daga St. Ignace, su hau jirgin da ke zagaya duwatsun Pictured Rocks. A sayi tikiti tun daga gida, kuma a sani idan iska ta taso ana soke tafiyar. Kowa da rigar sanyi ko a Yuli, tafkin Superior bai san zafi ba. A hanyar dawowa ga magangarar ruwa ta Tahquamenon, ruwanta ja kamar shayi saboda jiƙon itatuwan fadama. Wurin na gwamnatin jiha ne, sai da Recreation Passport, wato izinin shiga da mota. Idan lambar motar ta wata jiha ce, a sayi na yini a ƙofa.

Injiniya: Wannan ka riƙe shi da kyau, don Allah. Idan za ku Sault Ste. Marie kallon yadda ake ɗaga manyan jirage kusan mita 6 a mashigar jirage ta Soo Locks, I-75 a kan gadar shiga Kanada yake ƙarewa. Fita a mafita ta ƙarshe kafin gadar. Wanda ya zarce sai ya fuskanci jami'an shige da fice, kuma mai bizar shiga sau ɗaya, kamar yadda baƙi da yawa ke da ita, zai iya samun matsalar dawowa. Fasfon Mama ya kasance a jikinku.

Maman Ikram: Batun wanka: jar tuta a bakin ruwa, ba shiga. Tafkin Mishigan na da igiyar da ke jan mutum ciki. Wanda ta kama kada ya yi kokawa da ita, ya yi iyo ta gefe, a tsawon gaɓa, har ta sake shi. Abinci kuma, pasty (irin meat pie) ɗin da ake talla a ko'ina a ƙetaren gada sau da yawa da naman alade ko kitsensa. Kifin whitefish ya fi, gasasshe, don wasu da giya suke kwaɓa garin suya.

Malam Na-Zariya: Alƙibla arewa maso gabas take. Magariba a farkon Yuli sai wajen tara da rabi na dare, kuma daidai lokacin barewa ke tsallaka titi, saboda haka a isa masauki da sauran rana. Sauke taswira a waya, sabis na ɗaukewa a daji, mai kuma kada ya sauka ƙasa da rabin tanki.

Baban Hanif: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. St. Ignace kwana biyu, Munising ɗaya ke nan.