Dubu 7 na biya a kan abin da ashe kyauta ne

Auwalu Gyaɗi-Gyaɗi: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake kuma sai na faɗa ko da za a cire ni. Kwanakin baya na kai laftof ɗina wani shago, ba zan kama suna ba kuma ba zan faɗi kasuwar ba, aka yi min fomatin aka sa Windows 10, sai yaron ya ce oga a zuba maka manhajoji cikakku? na ce zuba, ya karɓi dubu 7 ban da kuɗin fomatin. Yanzu duk fayil ɗin da na buɗe da WinRAR, manhajar buɗe fayilolin da aka matse, sai wani allo ya faɗo wai kwana 40 na gwaji sun ƙare in saya, shi kuma IDM, na sauke abubuwa daga intanet, kullum cewa yake an yi masa rajista da siriyal na bogi, ko bidiyo ɗaya ya ƙi saukewa. Jiya ƙanina ya duba ya ce min VLC da Chrome da Adobe Reader ɗin da ya sa min duk kyauta ake saukewa. To me na saya kenan? Masu sa manhaja a garin nan ɓarayi ne wallahi, sai dai a yi haƙuri.

Injiniya Nazifi: Wa alaikumus salam. Malam Auwalu ka janye kalmar nan. Ɓarayi? Aljihunka aka sa wa hannu? Kai ka ɗauko kwamfutarka da ƙafarka ka kawo, aka faɗa maka kuɗi ka ce ka yarda. Ruwan rijiya ma ai kyauta ne amma ban taɓa jin an ce da ɗan garuwa ɓarawo don ya karɓi kuɗin jarka ba. Data da muka sa muka sauke, man janareto, kuɗin shago, zaman awa biyu ana jiran direbobin kwamfutar, wato manhajojin da ke sa sassanta aiki, su hau, duk wa zai biya?

Ɗan Fagge: Injiniya me ya yi zafi, shi fa bai ce kasuwarku ta Farm Centre ba, kai ka tsargu 😂

Injiniya Nazifi: Cewa ya yi a garin nan. Ni a Zariya nake?

Ustaz Kabiru: Assalamu alaikum. A yi hattara da harshe 'yan uwa. Sata a shari'a ita ce ɗaukar dukiyar wani a ɓoye daga inda aka adana ta, wannan kuwa ciniki aka yi ido da ido. Amma in har yaron ya san na gwaji ne ya yi shiru ya ce cikakku, to wannan algus ne, kuma hadisi ya tabbata cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Don haka ba ɓarawo ba ne, kuma bai kuɓuta ba.

Auwalu Gyaɗi-Gyaɗi: To Allah gafarta malam mai algus da ɓarawo ai duk kanwar ja ce.

Ustaz Kabiru: A'a ba ɗaya ba ne, hukuncinsu ma daban.

Sadik Linux: Ni dai in za a yi maganar sata a yi ta gaba ɗaya. IDM ba kyauta ba ne, kamfanin Tonec ne ke da shi, kwana 30 suke ba ka ka gwada sannan ka biya. Abin da ake sa wa mutane a shaguna kirak ne, an fasa shi an liƙa masa siriyal na ƙarya, da ya sabunta kansa sai kamfanin ya gane, shi ne saƙon da Yaya Auwalu yake gani. To wanda aka yi wa satar ai mai manhajar ne, kuma da mai sawa da wanda aka sa wa duk suna ciki. WinRAR kuwa ka danna ka rufe allon kawai zai ci gaba da aiki, ba ya tsayawa bayan kwana 40, naci ne kawai, duk da dai a ƙa'ida biya ya kamata ka yi. In ba ka son nacin ka cire shi ka sa 7-Zip, wani ɗan Rasha Igor Pavlov ya fitar da shi tun 1999, ba a biyan ko sisi kuma yana buɗe rar da zip duka. Madadin IDM kuma akwai Free Download Manager.

Auwalu Gyaɗi-Gyaɗi: Au, yanzu ni ne ɓarawon kuma? Ni da aka cuta?

Sadik Linux: Ban ce kai ba Yaya, na ce kana ciki.

Ɗan Fagge: Sadik kai Windows ɗin da ke kwamfutar gidanku saya kuka yi?

Sadik Linux: Ni Ubuntu na kyauta nake amfani da shi a madadin Windows tun ina aji biyu a BUK.

Ɗan Fagge: Na ce ta gidanku, ban ce taka ba.

Maman Ilham: Ku bar yaron nan ya faɗi gaskiya don Allah. Ni shagon buga takardu nake da shi ta wajen Kabuga, kuma kirak ɗin nan na ga abin da yake yi da idona. Wani yaro na ɗauka aiki ya je ya sauke manhajar zane CorelDRAW ta kirak a babbar kwamfutar, sai da ya kashe anti-bairos ma kafin ya shiga don haka aka rubuta a yi, da safe na zo buɗe furojet ɗin wata ɗaliba sai na ga duk fayilolin sun koma farare, kowanne an ƙara masa wasu haruffa huɗu a ƙarshen suna, Word ya ƙi buɗe ko ɗaya, ga wani ɗan fayil _readme.txt na buɗe shi wai in biya dala 980, in na yi sauri cikin awa 72 kuma dala 490. Yarinyar tana tsaye a kaina da filash a hannu za ta kai wa malaminta babi na huɗu. Da ba ta taɓa tura wa kanta ta imel ba da ban san inda zan sa kaina ba. Katunan biki na mutane da na zana duk sun tafi.

Injiniya Nazifi: Allah ya kiyaye gaba Hajiya, amma kin ga illar a bar yaro ya yi da kansa kenan. Da wajenmu kika kawo da wanda muka riga muka gwada za a sa miki.

Sadik Linux: Wanda kuka gwada ma ai kirak ne Injiniya, a ma'ajiyar hard disk ɗaya yake yawo shago shago.

Injiniya Nazifi: Kai yaro ka iya bakinka, ina wannan sana'ar kana firamare. Kuma na kyautan da kake ta tallatawa su waliyyai ne? CCleaner na share tarkacen kwamfuta ba kyauta ba ne? A 2017 aka cusa masa bairos a cikin na asalin da ake saukewa daga wajen kamfanin, mutum sama da miliyan 2 suka sauke. Anti-bairos ɗin Avast na kyauta fa, ba hukumar Amurka ce ta ci su tarar dala miliyan 16.5 a 2024 ba saboda sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga? Banza ba ta kai zomo kasuwa malam.

Sadik Linux: Waɗannan na kamfani ne da suke ba ka kyauta don su ja ka ka sayi babban. Ni ina maganar irin su VLC da 7-Zip da LibreOffice da kowa zai iya duba yadda aka rubuta su. VLC ɗalibai ne suka faro shi a wata makarantar injiniyoyi a Faransa, har yau ƙungiya ce ke riƙe da shi, ko talla ba ya sakawa.

Maman Ilham: To nan kuma ban bi ka ba Sadik. LibreOffice ɗin nan, madadin Word, na gwada shi, ka jera wa ɗalibi aiki tsaf da lambobin shafi da teburi, ya je ya buɗe a Word sai ka ga tebur ya tsallaka wani shafin, ya dawo yana min masifa. Kuma masu buga bana da katin biki fayil ɗin Corel suke tambaya, ka ce musu Inkscape, madadinsa na kyauta, ka ga kallon da za su yi maka.

Alhaji Bala Kurna: Salamu alaikum 'ya'yana, ku yi haƙuri na katse ku. Filash ɗina na kai aka buga min takarda, na dawo duk abin ciki ya koma shotkat, takardun fili ne a ciki, ya zan yi?

Ɗan Fagge: Baba ka sa anti-bairos ɗin Smadav kawai, minti biyu ya gama.

Sadik Linux: Baba kar ka danna ko ɗaya daga shotkat ɗin kuma kar a yi fomatin, takardunka suna nan ɓoye su aka yi. A buɗe cmd, baƙin allon rubuta umarni na Windows, a rubuta attrib -h -r -s /s /d G:\*.* amma a canza G da harafin filash ɗinka, za su fito, sai a kwashe su a goge sauran. Smadav ba dole ba ne, Defender, anti-bairos ɗin da ke cikin Windows, ya isa in ana sabunta shi.

Ɗan Fagge: Defender ɗin me, abin da ko kyankyaso ba ya kamawa. Smadav 'yan Indonesiya suka yi shi, su ma da bairos ɗin filash suke fama kamar mu, shi ya sa ya san kan abin. Ka zaga shagunan kwamfuta na Beirut Road ka ga ko akwai kwamfutar da ba koren tambarin nan a ƙasa.

Injiniya Nazifi: Beirut Road kuma har a kawo su misali a harkar kwamfuta?

Ɗan Fagge: Kafin a san da ku su ake sani, ka tambayi manyanka.

Injiniya Nazifi: To ka ce shagon da aka cuci Auwalu a can yake mana mu huta.

Auwalu Gyaɗi-Gyaɗi: Ni fa ban ce nan ban ce can ba. Tambayata ɗaya har yanzu ba wanda ya amsa, in koma in karɓo kuɗina ko kuwa?

Ustaz Kabiru: Malam Nazifi kalmar yaro da ka gaya wa Sadik ma ba ta dace ba, ilimi ba a shekaru yake ba.

Injiniya Nazifi: Ustaz shi da aka ce mana ɓarayi ba ka ce a ba mu haƙuri ba sai wannan?

Ustaz Kabiru: Ka koma sama ka karanta abin da na rubuta.

Alhaji Bala Kurna: Ina ne cmd ɗin?

Oga Mansur (shugaban zaure): To jama'a ya isa haka, bari in taƙaita tunda ni ma shekaruna nawa ina wannan aikin a Farm Centre na san kan zancen. Abin da aka cimma shi ne Malam Auwalu ya yi kuskure da ya kira masu sana'a ɓarayi, kuma Ustaz da kansa ya tabbatar ba sata ba ce. Kuɗin da aka karɓa kuɗin aiki ne da data kamar yadda Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa. An kuma ga cewa manhajar kyauta tana da haɗari, ga CCleaner ga abin da ya sami Hajiya, don haka kowa ya daina saukewa da kansa ya kai wa masana. Sadik ka rage kawo mana abin makaranta, nan Kano ce. Maganar Beirut Road ba na son a sake tayar da ita, kowa ya san inda ake aiki mai kyau. Baba Alhaji ka aiko yaro da filash ɗin gobe bayan azahar, dubu 1 ne kawai tunda kai ne. Na rufe, sai shugabanni kaɗai ke iya rubutu zuwa da safe.