Motata na jinkiri kafin turbo ya kama, wa ya taɓa fama da haka a Legas?

Mai tambaya, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Bara na sayi mota 'yar Kwatano, injin fetur mai turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin injin don ƙara masa ƙarfi. Da can ina taɓa totur take ɗauka. Yanzu sai in taka ta yi jim kamar mai shawara, sai bayan daƙiƙa uku ko huɗu ta zabura. Shekaranjiya a Oshodi na hango 'yar kafa tsakanin motocin haya na danfo biyu, na taka, kafin ta farga wani ya riga ya cusa kai, kwandasta har da zagina da Yarbanci. Bakanikena ya ce turbo ya mutu, in kawo kuɗi a tafi kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo. Don Allah wanda ya taɓa gani ya ba ni labari kafin in zare kuɗin.

Direba, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Tawa haka ta yi. Wata asuba a gadar Third Mainland, hanya fayau, na kashe rediyo na sauke gilas, sai na ji duk lokacin da na taka wani abu na cewa fuuu a gaba. Ashe tiyon da ke kai iska daga intakula, wato abin da ke sanyaya iskar turbo, zuwa injin ne ya tsage ta ƙasa, wurin da ido ba ya kaiwa. Tsagar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, ta yi baƙi da maiƙo. Turbo na ta aikinsa, iskar na zurarewa a hanya. Tiyo ɗaya da maɗauri biyu na canza.

Bakanike, Owode Onirin:
Yallabai, bari in raba maka abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Hayaƙin salansa ne ke juya turbo, shi kuma ya tura iska cikin injin. Idan allurar juyin injin tana ƙasa, wajen juyi 1,500 a minti ɗaya, hayaƙin bai da ƙarfin da zai juya shi da sauri, alhali abu ne da ke wuce juyi 100,000 a minti ɗaya in ya kama. Don haka ɗan jinkirin nan na ƙiftawar ido halinsa ne, ko sabuwa dal ka ciro daga kamfani za ka ji shi. Amma kai ka ce da ba ta yi, yanzu tana yi. Wannan ciwo ne.

Ni a garejina ba na kwance turbo sai na sa kwamfuta. In ta nuna lambar P0299, cewa take iskar da ake turawa ta gaza, ba ta ce turbo ya mutu ba, kuma nan ne wasu abokan sana'armu ke yanka mutane. Sai in ciro filtar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa, in wanke sensar da ke auna iska da ruwan wankinta na musamman, ba fetur ba. Sannan in duba 'yar ƙofar da ke sakin hayaƙi ta gefen turbo. In sandarta ta yi sako-sako ko ta maƙale a buɗe, hayaƙi wucewa zai yi ta gefe bai juya turbo ba. Turbo da ya mutu da gaske ba ya ɓoyuwa: kuka kamar jiniya, shuɗin hayaƙi, shan baƙin mai, in ka kama farfelarsa da yatsa ka ji tana gogar jikin gidanta.

Mai ɗaukar kaya, Mile 12:
Tawa a-kori-kura ce mai gas. Wata shida ina kai albasa da tumatir cikin gari, ba na wuce giya biyu saboda gosulo. Baƙin hayaƙi ya taru ya kafe 'yan fuka-fukan da ke cikin turbo, waɗanda ke buɗewa da rufewa. Aka kwance aka wanke har da bawul ɗin EGR mai mayar da wani hayaƙin cikin injin, abin da aka kankaro kamar ƙanzon tukunya. Yanzu duk ƙarshen mako sai na hau hanyar Ibadan na sake mata wuta ta yi numfashi.

Hajiya, Obalende:
Ku gafarce ni maza, ni kuwa ashe ɗana ne ya danna maɓallin tsimin mai tun da fetur ya yi tsada a 2023. Giyar ce ke nawar sauka. Malam, ka leƙa gaban sitiyari ko akwai ɗan koren rubutu.

Ɗan kasuwa, Alaba Rago:
Ni ne wanda aka yanka ɗin. Na sayi turbo, aka ɗaura, mota ta ci gaba da nauyinta, daga baya aka gano katalis ɗin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, ne ya toshe. Wata biyu kuma turbon da na saya ya fara kuka, domin ba a canza siririn bututun da ke kai masa baƙin mai ba, ya daskare da datti. Har yau tsohon nawa na nan a shago cikin kwali, lafiyarsa ƙalau.

Mai tambaya, Agege:
Allah Ya saka da alheri. Hajiya, na duba, ba koren rubutu. Yau na tsaya a kan bakanike ya buɗe a gabana. Filtar ta yi jawur da ƙura, maɗaurin tiyo ɗaya kuma ya kwance, da hannu kawai ya zare shi, sai sosa ƙeya yake. Mun ɗaure, mun canza filta, na gwada ta daga Agege zuwa Berger ta ɗauka ras. Sai dai da safe in injin bai yi zafi ba tana ɗan yin nauyi. Baba na Owode, in kawo maka ita Asabar ka sa mata kwamfutar?