Musayar waƙa: Italiya ce uwar gudu a Turai, mai musu ya fito

Baban Zahra:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau kan guje-guje da tsalle-tsalle na Turai zan taɓa. In aka ce Rum, gasar Turai ake nufi; Faris da Atan, gasar Olimfik; Doha, Budapest da Tokiyo kuwa, gasar duniya. Wanda ya ji haushi ya rama da baiti.

Da sunan Allah zan buɗe waƙa,
Kan Italiya da ta samu ɗaukaka,
A Rum, 2024, ta girbe shuka,
Lamba 24 ta zuba a jaka,
Sha ɗaya zinare ne, ku zo ku duba.

Furlani yaro ne, tsallensa na manya,
Tagulla a Faris, ya kama hanya,
A Tokiyo ya zamo sarkin duniya,
Mita 8.39, batun ba ƙarya,
Shekara 20 kacal, bai ko gaji ba.

Ɗan Damagaram:
Yaya Baban Zahra, ka ce a duba,
Wa zai ƙi cin tuwo a gidan uba?
Je Faris ka ƙirga, zinare bai zo ba,
Jacobs na biyar a gudu, tsallen Tamberi bai haye ba,
Kurin gida ne, waje bai kai ba.

Sarki guda ne, mai tsalle da sanda,
Duplantis na Suwidin, kowa ya yarda,
Mita 6.30 ya haye kamar gada,
Karo na 14 na kafa tarihi, babu faɗa,
Abokin karawarsa sai dai kansa.

Baban Zahra:
Ƙanena na Damagaram, ji tsoron Allah,
Ciwon ƙoda ne ya ba Tamberi wahala,
Daga asibiti ya taho fili, ka kula,
Suwidin mutum ɗaya take ta talla,
Hannu ɗaya bai taɓa ɗaukar jinka ba.

Malam Mai Aruli:
Ku dakata. Baban Zahra, ɗango na uku a baitinka na farko, karanta shi da baki ka ji. In ka furta 2024 ɗin gaba ɗaya, ya ninka 'yan'uwansa tsawo. Lamba a rubuce gajeruwa ce, a harshe kuwa doguwa. Kai kuma Ɗan Damagaram, "faɗa" ba ta amsa "sanda", ɗa daban da daban. Sannan babban amsa-amon zauren nan "ba" ne, kai ka rufe da "kansa".

Ɗan Damagaram:
Malam, a kunne ake auna waƙa. Rera ta ka ji ko za ta yi tuntuɓe. Bari in gama da Yaya tukuna.

Mutum ɗaya ka ce? Ashe ba ka kallo,
Ståhl mai jifan faifai ya fi ƙarfin zolo,
Doha, Budapest, Tokiyo, ya yi ta salo,
Sau uku sarkin duniya, rubuta a allo,
Suwidin ba ta taɓa rasa maza ba.

Malam Mai Aruli:
Na rera, ta yi tuntuɓe. Kuma mece ce "zolo"? Don neman amsa-amo ka jawo ta.

Na-Kumasi:
Malam, a bar yaro ya sha iska. "Rubuta a allo" ɗin nan ta biya kuɗinta. Ni ina bayan Damagaram.

Auta:
Ina ta biya? Baban Zahra ya kawo karin magana cikin baiti ba tare da ya karya kari ba, shi ne gwaninta. Na-Kumasi kullum inda Ɗan Damagaram ya sa ƙafa nan kake sawa.

Hajiya 'Yar Fagge:
Yayyena maza, kun cika gardama da yawa,
Femke Bol ta Holan kuka ƙi tunawa,
A Budapest ta faɗi dab da kammalawa,
A Faris tana ta huɗu ta karɓi sanda da ƙwazon wucewa,
Zinare ta kai wa Holan, ba ta tsaya ba.

Ga Yemisi Ogunleye mai jifan dalma,
Uba ɗan Najeriya, Jamus take wa hidima,
Mita 20 cif, a jifan ƙarshe ta gama,
Zinaren Faris, ga Adeleke ita ma,
Ayalan take wa gudu, ba mu ba.

Malam, na san ɗango na huɗu ya yi tsawo. Gudun nata na miƙa sanda ma haka ya kasance, mutum uku ta wuce kafin layi.

Malam Mai Aruli:
Hajiya, uzuri ba ya gyara ma'auni. Amma baiti na biyu lafiya lau yake.

Baba Na-Fatakwal:
Hajiya kin taɓo inda ke mini ciwo,
Obikwelu a Atan azurfa ya ciwo,
Fotugal ya kai wa, ba gida ya kawo,
Mu ko Faris muka je muka dawo,
Ko tagulla ɗaya ba mu samu ba.

A 2004 ina gaban talabijin na ga ya yi gudun mita 100 a daƙiƙa 9.86 da rigar wata ƙasa. Har yau abin yana cina.

Hajiya 'Yar Fagge:
Baba, Allah ya huci zuciyarka. Sai dai a raba zance. Obikwelu mu muka rasa shi, ya yi mana gudu kafin ya tafi. Ogunleye da Rhasidat Adeleke kuwa can aka haife su, can aka horar da su, ba ƙwace mana aka yi ba.

Auta:
Malam, ba ka ga Baba ya maimaita "ciwo" sau biyu ba? Ko manya ba a kama su?

Malam Mai Aruli:
Na gani, ɗana. Na farko ciwon jiki ne, na biyu cin gasa a kawo. Kalma ɗaya ma'ana biyu ado ce a waƙa. Baba ya fi ku duka yau.

Baban Zahra:
Afuwa, wuta aka ɗauke mana tun la'asar. Ɗan Damagaram, ka ce kurin gida ne, to riƙe wannan. Malam, na cire shekara daga cikin ɗango: 2023 da 2025 nake nufi.

Gasar ƙasashe ta Turai ka mance,
Inda maki na kowa ake tara a auna a zance,
A Folan Italiya ce ta yi fice,
A Madrid ta sake, ba a Rum ba ce,
Ƙanena, kawo Suwidin, ban gan ta ba.

Malam Mai Aruli:
Ɗango na biyu, Baban Zahra. Sake shi.