Ledojin naman kazata sun yi koriyar fumfuna, a ina na kuskure?

'Yar Agege:
Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da na fara gwada noman naman kaza, farin nan mai faɗi da ake kira oista, a ɗan ɗakin ajiyar da ke bayan kicin ɗinmu. Abin da ya ja hankalina shi ne ba ya son fili, kowa kuwa ya san wuyar fili a Legas. Na samo dusar katako, na haɗa da dusar alkama kusan kashi ɗaya cikin uku, na jiƙa, na cika leda 20, na ɗora a babbar tukunya awa 2. Da suka ɗan huce na zuba iri. Bayan kwana 10 leda 13 suka yi kore shar. Sauran 7 sun yi fari sun tsiro, amma wuyansu dogo, kan ɗan mitsitsi. Wallahi abin ya taɓa min rai, don da kuɗin adashina na fara. Irin ne ba kyau ko ni ce na kuskure?

Mai Katako, Ebute Metta:
Wa alaikumus salam. Hajiya, a ina kika ɗebo dusar? In ta shagon kafinta ce, takan zo da garin falwud da fenti da maganin gara, ba ta da amfani. Ki nemi ta injin da ake tsaga gungumen itace mai ƙarfi. Mu nan masu wannan noma sukan zo su kwasa da buhu.

Uwargida Ikorodu:
Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki. Tunda 7 sun yi fari har sun tsiro, irinki rayayye ne. Koren nan wata fumfuna ce da ake kira Tirikodama, ta fi naman kaza saurin yaɗuwa, kuma dusar alkama abincinta ce. Kin zuba da yawa. Ni a kilo 10 na busasshiyar dusar katako ba na wuce kilo 1 zuwa 2 na ta alkama, sai garin alli kamar giram 100.

Sai ruwa. Ki damƙi haɗin ki matse da ƙarfi. Ɗigo ɗaya ko biyu ake so ya fito ta tsakanin yatsunki, in kika buɗe hannu kuma dunƙulen bai wargaje ba. In ya tsiyaya, ya yi yawa.

Awa 2 kuma ta yi kaɗan ƙwarai. Turarawa ake yi kamar dambu, ba dafawa ba. Ki sami duro, ki zuba ruwa a ƙasa, ki sa katako ko waya a sama yadda ledojin ba za su taɓa ruwan ba, ki rufe ruf. Daga lokacin da tururi ya game ko'ina za ki fara ƙirga awa 6. Ki bar su su kwana su yi sanyi ƙalau, domin zafi yana kashe iri. Ranar zubawa ki rufe taga, ki kashe fanka, ki goge hannu da cokali da sifirit, ki toshe bakin leda da auduga mai tsabta. Sai ki ajiye su wuri mai duhu, mako 3 zuwa 4 za su yi fari fat.

Dogon wuyan nan rashin iska ne. Da zarar kin tsaga leda don ya tsiro, naman kazan yana son iska mai shiga da fita, da ɗan haske wanda ba na rana kai tsaye ba, da danshi. Ki sa raga a taga ki bar ta a buɗe, ki riƙa fesa ruwa a bango da daɓe sau 3 a rana, da hunturu ki ƙara. In za ki sake sayen iri, ki ce mai jure zafi kike so, don akwai nau'in da sai da sanyi yake tsirowa. Cibiyar binciken masana'antu ta gwamnatin tarayya, wato FIIRO, da ke Oshodi ta daɗe tana koyar da wannan noma, ki leƙa can. Ledojin da suka yi kore kuma ki fitar da su daga gidan yau, kada ki buɗe su a ɗakin.

Ɗan Idi-Araba:
Ƙari ɗaya, Hajiya. Idan ya girma ya baje, yana sakin wata farar ƙura mai sa tari da atishawa, musamman ga mai asma. Ki tsinke tun gefen kan yana ɗan lanƙwashe ƙasa, kuma kada kowa ya kwana a ɗakin. Duk naman kazan da ya tsiro da kansa a gindin bango da damina, ki ja wa yara kunne, akwai mai guba.

'Yar Agege:
Allah Ya saka muku da alheri. Mai Katako, gaskiyarka, wajen kafintan layinmu na ɗebo. Yaya, ledoji 7 ɗin nan fa, na riga na tsinke na farko, na yi miya da shi da attaruhu da albasa, yara har da neman ƙari. In zubar da su ne?

Uwargida Ikorodu:
A'a, kada ki zubar! Ki cire guntayen gindin da suka saura, ki ci gaba da fesa ruwa, cikin mako ɗaya zuwa biyu za su sake tsirowa. Leda ɗaya takan ba da sau 3, ko da yake na baya bai kai na farko yawa ba. Sabon haɗin kuwa ki fara da leda 10 kawai, in sun yi mako biyu ki turo mana hoto mu gani.